Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

 Wannan karon labarin kaina zan ba ku, duk da cewa akwai abin kunya a cikinsa. Na daɗe ina juya shi a raina, sai na ga idan na yi shiru wata za ta faɗa ramin da na faɗa, alhali kuwa da fatar baki zan iya tare ta. Maganar neman gurbin karatu ce a jami'a, wadda a yau ta zama ciwon kan duk gidan da ke da ɗa ko 'ya a aji shida na sakandare.

Ni dai na gama sakandare a 1999, kuma ba yabon kai ba, ina cikin masu ƙoƙari a ajinmu. Amma Babanmu, Allah Ya jiƙansa, ya ce karatun ya isa haka, in zauna in jira miji. Yayana shi aka saya wa fom ɗin JAMB. A lokacin da fensir ake yin jarrabawar a kan takarda, a yi ta jiran sakamako wata da watanni. Ranar da zai tafi Zariya ni na wanke masa kaya na goge, na ɗaure masa garin kwaki da ƙuli-ƙuli, sannan na zagaya bayan madafi na sha kukana ba wanda ya sani. Tun daga wannan rana na ƙudurta a raina, in Allah Ya ba ni 'ya mace, sai ta taka inda ban taka ba.

Allah kuwa Ya ba ni. Sunan surukata aka sa mata, don haka Ummi muke ce mata. Yarinya ce mai kwanyar karatu, tun tana firamare ba ta wuce ta ɗaya ko ta biyu. Ban san wanda ya fara ce mata Dakta ba, amma kafin ta shiga aji huɗu na sakandare sunan ya bi ta, ni kuma a gidan biki da gidan suna sai ki ji ana, "Ina Maman Dakta?" Wallahi in aka kira ni haka har wani sanyi nake ji a ƙirjina. Ga kuma facalata, matar wan Maigida, su masu hali ne, sun tura ɗansu Sudan karatun likita. Duk haɗuwarmu sai ta ciro waya ta nuna mana hotonsa da farar riga. Ina yi mata murna a baki, a zuci kuwa ina cewa, ki jira tawa, ita a nan gida za ta samu, da ƙoƙarinta.

A 2021 Ummi ta zauna jarrabawar. Tun wajen yin rajista muka fara ganin canjin zamani, domin a shekarar aka wajabta lambar katin ɗan ƙasa, sai da ta yi kwana uku tana bin layi tun asuba. Jarrabawar kuma yanzu a kwamfuta ake yi, tun 2015 aka daina ta takarda gaba ɗaya. Darussa huɗu ne, maki 400, mai neman likitanci kuma Ingilishi zai yi da Fizis da Kemistiri da Bayoloji. Da sakamako ya fito ta waya aka ce ta ci 238. Kai, ranar har ƙosai na sa aka soya aka raba wa almajirai! Ni a lissafina tunda ta wuce rabi da nisa, ai magana ta ƙare, saura ɗinkin farar riga.

Wani malaminsu ne da ya zo yi mana barka ya fara rage mini zafi. Ya zauna a zaure shi da Maigida, ni ina daga bayan ƙofa. Ya ce, "Alhaji, makin yarinyar nan mai kyau ne, amma ku sani cin jarrabawa daban, samun gurbi daban." Ya ce makin da ake sanarwa a rediyo wai shi ne mafi ƙaranci, wannan izinin shiga layi ne kawai. Bayan shi kowace jami'a tana da nata, kowane kwas ma da nasa, kuma na likitanci da lauya da haɗa magunguna su ne a can ƙololuwa. Sannan akwai tantancewar da jami'a ke yi da kanta, wadda aka fara tun 2005, a haɗa makinta da na JAMB, wasu har da sakamakon WAEC ko NECO, a fitar da jimla. Da wannan jimlar ake jera yara daga sama zuwa ƙasa, inda kujeru suka ƙare nan za a ja layi, ko da wadda ke ƙasan layin rabin maki ne ya raba ta da ta sama.

Ya ƙara da cewa a jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 na gurabe na waɗanda suka fi kowa maki ne daga ko'ina a ƙasar nan, kashi 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ce an bar su a baya a boko, waɗanda akasarin jihohin Arewa suna ciki. Na ji daɗin wannan, na ce ashe muna da rabo ta ƙofa uku. Sai ya ce to ai duk 'ya'yan maƙwabtanku ma ta ƙofofin nan ukun za su bi. Likitanci kuma ba a ɗibar ɗalibai yadda aka ga dama, akwai hukumar likitoci da ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitin koyarwarta.

'Yan'uwa, ku tsaya ku duba lissafin nan da kyau, don ni sai daga baya na gane shi. A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, jami'o'i 5 ne kacal a Nijeriya. Yau sun haura 250, amma fiye da rabinsu masu zaman kansu ne, kuɗinsu ba na talaka ba ne. Don haka kowa sai ya ruga wa 'yan tsirarun nan na gwamnati masu suna, irin su Zariya da Bayero da Ɗanfodiyo da Maiduguri. Masu zaman jarrabawar kuwa a 2024 sun kusa miliyan 2. Mu da muke kukan ba a sa 'ya'ya mata a makaranta, alhamdu lillahi yanzu ana sa su, to su ne suka taso gaba ɗaya, ga waɗanda suka rasa bara da bara waccan su ma sun dawo layi. Kuma kusan duk yaron da ya iya kimiyya, in kika tambaye shi, likita zai ce miki. Ƙofa ɗaya ce ƙarama, gari guda ya taru a bakinta.

Duk wannan bayani ta kunnen dama ya shiga ya fita ta hagu. Na ce malamin nan dai bai san Ummi ba ne.

Aka yi tantancewa, aka shiga jira. Bayan watanni sai ga saƙo a shafinta na JAMB, wai jami'ar da ta nema ba ta ba ta likitanci ba, amma tana tayin mayar da ita sashen ilimin tsirrai, in ta yarda ta danna amincewa. Maigida ya ce a karɓa, da babu gara ba daɗi. Ni kuwa na yi tsalle na dire, na ce, "Haba Alhaji! 'Yar tawa ce za ta shekara huɗu tana karatun ganye? In ganye ne ai ga zogale nan a tsakar gida." Ummi tana zaune kanta a sunkuye ba ta ce uffan ba, ni kuma ban tambaye ta ba. Na sa aka ƙi karɓa. Na biya mata kuɗin lesin da kuɗin ɗinkin da nake yi, ta koma ta duƙufa.

Ana cikin haka malaman jami'a suka tafi yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba su dawo ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. A tsakiyar yajin, cikin watan Mayu, ta sake zama jarrabawar ta ci 271. Maki ya ƙaru, amma jami'a a rufe, ba wanda ya san ranar buɗewa. Yarinya tana zaune a gida shekara ta biyu, ƙawayenta biyu an yi bikinsu, wani yaro mai hankali ɗan unguwarmu ya turo magabatansa. Dangin Maigida suka sa mu a gaba. Gwaggonsa ta zo har ɗakina ta ce, "Ke 'yar nan, kin ajiye budurwa a gida kina jiran takarda, in takardar ba ta zo ba fa?" Na rasa amsar da zan ba ta. Da dare ba na barci, ina ta tunanin ranar da facalata za ta tambaye ni ina aka kwana.

To a nan ne shaiɗan ya samu ƙofa. Wata mata da muke adashi tare ta ce ta san wani mutum mai hanya, duk wanda ya riƙe wa takarda sai ya samu. Ta haɗa mu a waya. Bakinsa kamar zuma, Hajiya sama Hajiya ƙasa, ya ce akwai kujerun da ake ware wa manya, zai saka sunan Ummi a ciki, amma sai an ɗan shafa wa mutanen ofis. Na kwashi adashina gaba ɗaya, bai isa ba, na ɗauki ɗankunne da sarƙar gwal da mahaifiyata ta ba ni ranar aurena na kai kasuwa. Duk wannan Maigida bai sani ba. Bayan sati uku mutumin ya aiko da takarda mai tambari da sa hannu, ga sunan Ummi ɓaro-ɓaro, ga likitanci an rubuta. Na rungume takardar nan har da hawayena.

Ummi ce ta ce, "Umma, bari mu je shagon kwamfuta a duba." Na ce me za a duba bayan ga takarda a hannu? Ta dai lallaɓa ni muka je. Yaron shagon, wanda bai fi sa'ar ƙanenta ba, ya buɗe shafinta ya juyo mana da fuskar kwamfutar, babu komai. Ya karɓi takardar ya duba ya ce, "Mama, nawa kika ba su?" Ya ce tun 2017 duk wani gurbi na gaskiya ta na'urar JAMB yake bi, ɗalibi ya gani da idonsa a shafinsa ya danna amincewa, kuma duk gurbin da bai bi ta nan ba, ko da mutum ya shiga aji ya gama, zai sha wahala wajen tafiya bautar ƙasa. Na kira lambar mutumin a kashe. Har yau a kashe take.

Ban san yadda ƙafafuna suka kawo ni gida ba. Daren nan na faɗa wa Maigida komai, ina jiran faɗa. Ya yi shiru har na ɗauka ba zai yi magana ba, sannan ya ce, "Kuɗi dai sun tafi, Allah Ya mayar da alheri. Amma ina so ki gaya mini, da takardar nan ta gaske ce, kujerar 'yar wa aka ɗauko aka ba tamu?" Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ni da nake zagin masu hanya ina cewa sun danne 'ya'yan talakawa, ashe ni ma hanyar nake nema, kuɗina ne kawai bai kai ga ta gaske ba.

Bayan kwana biyu na shiga ɗakin yara na tarar da Ummi ita kaɗai tana ninke kaya. Na zauna a bakin katifa, na yi mata tambayar da ya kamata in yi tun shekara biyu da suka wuce. Na ce, "Ummi, tsakaninki da Allah, ke me kike so ki karanta?" Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Umma, ni dai aikin asibiti nake so. Kin tuna ranar da za ki haifi Auta, da ni aka tafi riƙon kaya? Matar nan nas da ta kwana a kanki tana shafa miki baya tana yi miki addu'a, tun ranar na ce irin aikinta nake so. Likita ke kike so, ni kuma na ga in na faɗa ranki zai ɓaci." Na dubi yarinyar nan na ga har ta rame. Shekara biyu tana ɗauke da kayan da ni na ɗaure tun 1999 na aza mata a ka, ba ta taɓa cewa ya yi nauyi ba.

Akwai wata yayar Maigida da ta yi ritaya a aikin ungozoma, ita muka kira. Ta ce ai ana sayar da fom ɗin makarantar koyon aikin jinya ta jiha, amma kada mu ɗauka banza ce, can ma turereniya ake yi, akwai jarrabawa akwai ganawa baki da baki. Ummi ta cika ta zauna, Allah Ya taimaka sunanta ya fito. Ba a jima ba aka janye yajin aiki, jami'a ta saki sunaye. Likitanci dai bai samu ba ko da 271 ɗin, amma wannan karon sun yi mata tayin kwas ɗin ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta. Ga gurbi biyu a hannu, mu da muka shekara biyu ba ko ɗaya.

Nan fa aka shiga ba mu shawara ta ko'ina. Wasu suka ce wane mai hankali ne zai bar jami'a mai suna ya tafi makarantar nas? Digiri ai digiri ne. Wasu suka ce ta shiga, in ta yi ƙoƙari a shekarar farko za a mayar da ita likitanci. Malamin nan nasu ya ce kada mu gina gida a kan wannan, domin kujerun can a ƙirge suke, da wuya a samu wadda ta rage. Wannan karon ban yanke hukunci ni kaɗai ba. Muka zauna mu huɗu, ni da Maigida da Ummi da Yaya, aka ɗauko takarda da biro. Muka rubuta shekarun kowanne: jami'a huɗu in ba a yi yaji ba, jinya uku. Muka rubuta kuɗin rajista da na mota da na abinci da na ɗakin kwana, muka auna da abin da shagon Alhaji ke kawowa, ga ƙanne huɗu a bayanta. Muka tambayi kanmu wane aiki ke jiran mai wannan takarda in ta gama, wane ke jiran mai waccan. Yaya ta ce kuma nas in ta samu lasisinta, ƙofar jami'a ba ta rufe mata ba, tana iya komawa ta yi digirin jinya ba tare da ta fara daga aji ɗaya ba. Aka kira yaron da ke nemanta aka gaya masa sai ta gama, in zai iya jira bismilla, ya ce ya ji ya gani. Daga ƙarshe Maigida ya ajiye biro ya ce, "Ummi, ke za ki zauna a ajin, ke za ki zaɓa." Ta zaɓi jinya.

Ba zan ce muku zaɓinmu shi ne daidai ga kowa ba. Akwai ƙawar Ummi da ta nace, sai a zama na uku ta samu likitancin, yanzu tana tsakiyar shekaru shidanta. Ita ma ta yi daidai, domin ita ke so da kanta, mahaifinta kuma yana da ƙarfin jira. Akwai wadda ta karɓi ilimin tsirran nan da na raina, ta gama tana koyarwa, tana cin halalinta. Ɗan facalata kuwa yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya rutsa da shi, da ƙyar aka fito da su ta iyakar Masar. Kwanakin nan a ɗakinta na yi su muna kuka tare muna addu'a, duk wata gasa ta fita daga raina. Ya dawo lafiya, sai da ya sha faman neman inda zai ƙarasa.

Ummi ta kammala shekarunta uku, an kuma sa ranar bikinta. Rannan maƙwabciyarmu naƙuda ta kama ta cikin dare mijinta ba ya gari, ƙofarmu aka buga, Ummi ce ta duba ta ta ce maza a nemo mota kada a tsaya jiƙe-jiƙe, ta raka ta asibiti ta kwana a can. Da safe uwar matar ta shigo tana ta sa mini albarka. Amma kada in yi muku ƙarya, har yau in na je asibiti na ga yarinya sa'arta da abin awo rataye a wuya ana ce mata Dakta, sai na ji wani abu ya ɗan tsaya mini a maƙogwaro. Nakan yi istigfari in wuce. Na gane wannan ciwon nawa ne, ba na 'yata ba, kuma ba ita za ta biya bashin abin da ban samu ba.

Don haka 'yar'uwa, in kina da mai shirin zama jarrabawar bana, ga abin da na saya da sarƙar gwal ɗina, ke na ba ki kyauta. Tun kafin a sayi fom ki zaunar da ita ki tambaye ta abin da take so, ki kuma yi shiru ki saurara. Ku nemi malami mai gaskiya ya gaya muku makin da aka tsaya a kai bara a kwas ɗin da take nema, a jami'ar da take nema, ku auna da ƙarfinta. Ku kula da zaɓin farko, don manyan jami'o'i ba su cika waiwayar wanda ya sa su a na biyu ba. In maki ya fito bai kai ba, akwai damar canja makaranta ko kwas a wurin JAMB, a yi da wuri. Kada ki raina kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha ko ta kiwon lafiya, da yawa sun bi ta nan sun shiga jami'a daga aji biyu. Duk wanda kuma ya ce miki kawo kuɗi yana da hanya, ki ce masa Allah Ya ba da sa'a, ki kama gabanki.

Ku kuma 'yan mata, ku yi karatu kamar ba gobe, amma in layi ya faɗo a kanku kada ku ɗauka kun zama dolaye, kujeru ne suka yi kaɗan. Kuma ku riƙa buɗe baki cikin ladabi kuna gaya mana abin da ke ranku. Mu iyaye mukan yi kuskure, sau da yawa kuma son da muke yi muku ne yake rufe mana ido.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu zaɓi mafi alheri, Ya sa abin da za su karanta ya amfane su ya amfani al'umma. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalam.